Daga Fa Zuwa Fadama

Shekara talatin da biyu mahaifina na haƙa rami a Samaru,
ba rijiya ba, ba kushewa ba,
ramin da malamai ke shiga da ma'auni da 'yar wuƙa
su karanta bangonsa kamar allo.
Shi ke haƙawa, su ke rubutawa.
Sunansa, Tanimu, bai hau takardar kowa ba
sai ta albashi.

Amma in ya damƙi ƙasa, ya tofa mata yawu,
ya murza tsakanin babban yatsa da manuniya,
kafin kwalabe su fito daga ɗakin gwaji
ya riga ya yanke hukunci:
wannan jigawa ce, ba ta riƙon amana,
ka ba ta ruwa da hantsi, da azahar ta rantse ba ta gan shi ba.

Gonarmu doguwa ce, siririya,
kanta na jingine da fa a bayan Dakace,
ƙafarta cikin Galma.
Ran Asabar yakan ja ni mu gangaro da ita.

Can sama tsakuwa ce da marmara,
inda fartanya ke ƙara tana neman ɗauki,
da wani fako da ko ƙaya ta yi masa yaji.
Gero kaɗai ke haƙuri da wurin.
Daga nan gangare, jangargari,
ruwa ba ya zama a gaisa, wucewa yake da kayan mutane.
Ya nuna mini kwazazzabon da ya fi ni tsayi,
ya ce, Ladidi, na san shi yana hanyar awaki.

A gindin gangaren ƙasa ta yi kauri, ta yi duhu.
Ya ce duk abin da tudu ya yi asara
nan ɓarawon ya sauke, ya huta.
Shi ya sa dawa ke taƙama a nan, ba don halinta ba.

Sai fadama. Baƙar laka.
Da damina ta ƙwace maka takalmi,
da rani ta tsage, ta haɗiye mini kwabo biyu ina yarinya.
Rake, albasa, tumatir, sauro.
Ya sa na lura gaɓar ta ɗan fi bayanta tudu:
kogi ne ke tara wa kansa matashi da yashi
duk shekarar da ya kwana a waje.

Shekarar ambaliya geron sama muka ci.
Shekarar fari lakar ƙasa ta riƙe gidan.
Bai taɓa cewa wannan darasi ba ne.

Bayan arba'in ɗinsa, yaya Shekarau ya zo da igiya
zai yanka gonar a gicciye,
shi fadama, Jatau gangare, ni duwatsu.
Ban yi gardama ba. Na ce mu taka ta tukuna,
na riƙa kiran kowane taku da sunansa.
Kafin mu kai rake ya naɗe igiyar,
ya sake shimfiɗa ta a tsaye, daga fa har ruwa.
Rabona rabin na kowannensu ne, kunya tara,
amma akwai marmara a ciki, akwai laka.

Abu ɗaya ban gaya wa kowa ba.
Ranar da aka kai shi, ina cikin gida tare da mata.
Jatau ya dawo da ƙasa a bakin wandonsa.
Na durƙusa kamar zan karɓi takalminsa,
na ɗebo kaɗan, na jiƙa da abin da ke idona, na murza.
Jangargari ce, da ɗan yumɓu.
Tana riƙewa.